Shugaban da Ya Yarda a Tambaye Shi

Wurin karatu: 1 Sama'ila 8:1-22, 12:1-5
Ƙarin karatu: Maimaitawar Shari'a 17:14-20, 2 Korantiyawa 8:16-21

A gidajen masu bi da yawa, da wuya a gama hirar dare ba a taɓo zancen masu mulki ba. Maigida zai yi kukan albashin da aka riƙe wata da watanni, uwargida ta kawo zancen asibitin da babu magani, yara kuma su ce rufin ajinsu yana yoyo tun bara. Daga nan sai a tsine wa 'yan siyasa, a yi addu'a, a kwanta. Wannan darasi yana so ya kai iyali gaba kaɗan da inda hirar takan tsaya, ta wurin duba labarin annabi Sama'ila. A cikin labarin an haɗa abubuwan da ke damun ƙasashe masu tasowa har yau: cin hanci a gidan shugaba, jama'ar da ta gaji har ta nemi mai ƙarfi ya zo ya cece ta, da kuma tsohon da ya tsaya a gaban mutanensa domin su bincike shi.

Ɓarnar da ta fara a Biyer-sheba

Sama'ila ya shugabanci Isra'ila shekaru masu yawa, ba a taɓa jin ya karɓi abin kowa ba. Da tsufa ya kama shi, sai ya naɗa 'ya'yansa biyu, Yowel da Abaija, su yi alƙalanci a Biyer-sheba, can kudancin ƙasar, nesa da Rama inda shi yake zaune. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye abin da suka yi ba: suka bi ƙazamar riba, suka karɓi hanci, suka karkatar da shari'a.

Ya kamata mai karatu ya lura da yadda suka sami kujerar. A zamanin mahukunta, Ubangiji ne yake tā da shugaba sa'ad da ake bukatarsa, ba a gādon wannan aiki. Yowel da Abaija kuwa sunan ubansu ne ya kai su. Mutumin da ya zo da ƙara a gabansu ya san 'ya'yan annabi ne, to, wa zai kai ƙararsu, kuma a wurin wa? Abin da ya ƙara wa labarin zafi shi ne, Sama'ila da kansa, tun yana yaro a Shilo, shi aka ba saƙon hukunci a kan gidan Eli, saboda Eli ya san muguntar 'ya'yansa bai tsawata musu yadda ya kamata ba. Wanda ya ga ƙarshen Hofni da Finehas da idonsa, ga shi an wayi gari nasa 'ya'yan suna sayar da shari'a. Nassi bai ce Sama'ila ya ci ko anini daga abin da suka tara ba, amma kuma bai faɗa cewa ya tuɓe su ba. Mutum yana iya tsare hannunsa sarai, ya kāsa tsare na gidansa, kuma talakan da aka cuta a Biyer-sheba bai amfana da tsarkin annabin da ke Rama ba.

Neman mai ƙarfi

Dattawan Isra'ila suka taru suka tafi Rama. Kukansu na gaskiya ne, amma maganin da suka nema ya fi ciwon. Ba su roƙi a kori alƙalan biyu ba, ba su kuma nemi a mayar wa mutane abin da aka ƙwace musu ba. Sarki suka nema, irin na sauran al'ummai. Ubangiji ya sa Sama'ila ya faɗa musu halin sarkin da suke so, kuma wanda ya karanta 8:11-17 a hankali zai ga aiki ɗaya ne yake ta maimaituwa, wato ɗauka. Sarkin zai ɗauki samarinsu domin karusansa, ya ɗauki 'yan matansu domin girki da toye-toye, ya ɗauki gonaki mafi kyau ya raba wa fādawansa, ya karɓi ushirin hatsi da na garkuna, har su da kansu su koma bayinsa. Alƙalan Biyer-sheba a ɓoye suke karɓa, suna jin kunyar a gane su. Sarki kuwa a fili zai karɓa, da sunan doka, da mayaƙa a bayansa. Jama'a suka ji duk wannan, suka ce su dai sarki suke so.

Duk wanda ya san tarihin Nijeriya zai ji kamar labarin gida ake ba shi. A watan Janairu na 1966 waɗansu matasan hafsoshi suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da waɗansu shugabanni, suna cewa sun zo ne su kawar da masu cin hanci da masu neman kashi goma cikin kowace kwangila. Abin da ya biyo baya shi ne wani juyin mulki a watan Yuli, da kashe-kashe, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. A ranar ƙarshe ta shekarar 1983 sojoji suka tuɓe Shehu Shagari da irin wannan zargi, mutane da yawa kuma suka yi murna. Cikin shekara 39 na farko bayan samun 'yancin kai, kusan 29 a hannun soja ƙasar ta yi su. Janar Sani Abacha, wanda ya yi mulki daga 1993 zuwa 1998, ya mutu ya bar dukiyar jama'a a bankunan ƙetare, har fiye da shekara ashirin bayan mutuwarsa ana ta dawo da ita. A tsakanin 2017 da 2018 an karɓo fiye da dala miliyan 320 daga Suwizalan, a 2020 kuma fiye da dala miliyan 300 da aka ajiye a tsibirin Jersey. Sa'ad da ake kwashe wannan kuɗi, mutane da yawa sun sani, amma wanda ya buɗe baki kurkuku ne makomarsa, ko abin da ya fi kurkuku.

Wannan jaraba ba ta mutu ba. Daga 2020 zuwa 2023 sojoji sun karɓe mulki a Mali, da Gini, da Burkina Faso, da Nijar, da Gabon, kuma a biranen waɗannan ƙasashe an ga matasa a tituna suna tafi. Ba a raina ɓacin ransu, gama gwamnatocin farar hula da yawa sun ci amanarsu. Amma gargaɗin Sama'ila yana nan daram: wanda ya hau da ƙarfin bindiga, ran da ya fara ɗauka, babu mai iya ce masa ya tsaya. Gudun gara ke nan, a faɗa gidan zago.

Abin da ya faru a Gilgal

Bayan an tabbatar da Saul a kan sarauta a Gilgal, Sama'ila ya yi wani abu da ba a saba gani ba. Ya tsaya a gaban dukan Isra'ila, da furfurarsa, a gaban Ubangiji da sabon sarki, ya nemi duk wanda yake da ƙara a kansa ya fito. Bai tsaya ga cewa shi mai gaskiya ne ba. Ya ambaci abubuwa ɗaya ɗaya, irin waɗanda manomi zai iya tunawa: sa, da jaki, da zamba, da zalunci, da hancin da ke rufe idon alƙali. Ya kuma yi alkawarin mayarwa idan an same shi da wani abu. Har ya tuna musu cewa 'ya'yansa suna nan a tsakaninsu. Jama'a suka shaida cewa bai cuci kowa ba.

A nan ne zuciyar darasin take. Sama'ila annabi ne, da ya ga dama da ya ce tsakaninsa da Allah ne, babu ruwan mutane. Amma ya ɗauki talakawan da ya mulka a matsayin waɗanda suke da ikon tambayarsa, kuma ya yi haka a idon Saul, domin sabon sarki ya gani ya koya. Tun a Shari'ar Musa an riga an sa wannan harsashi. Maimaitawar Shari'a sura 17 ta hana sarki tara dawakai da mata da azurfa da zinariya, ta kuma umarce shi ya kwafi dokar ya riƙa karantawa dukan kwanakinsa, domin kada ya ɗauki kansa ya fi 'yan'uwansa. Sarkin Isra'ila yana ƙarƙashin doka, shi ya sa Natan ya iya shiga fāda ya tsawata wa Dawuda, Iliya kuma ya tare Ahab a gonar inabin Nabot.

Mulkin dimokuraɗiyya bai yi alkawarin ba da shugabanni tsarkaka ba, kuma wanda ya sa rai ga haka zai sha takaici. Amfaninsa shi ne yana mayar da abin da Sama'ila ya yi da yardar ransa ya zama dole a kan kowa: bayan shekara huɗu shugaba ya dawo gaban jama'a, su kuma su iya sallamarsa ba tare da an zub da jini ba. Nijeriya ta ɗanɗana wannan. A watan Mayu na 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba shugaban ƙasa damar yin wa'adi na uku. A 2015 Goodluck Jonathan ya amince da shan kaye ya miƙa mulki ga Muhammadu Buhari, karo na farko da jam'iyyar adawa ta kayar da shugaba mai ci a ƙasar. Amma kuma zaɓen 2007 ya lalace har wanda ya ci shi, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya yarda a ranar rantsar da shi cewa akwai kurakurai a ciki. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kuwa, cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Kamar a ce Sama'ila ya kira taro a Gilgal, mutum bakwai cikin goma suka zauna a gida.

Ko tambaya tana da amfani?

Masu bi da yawa sukan ce talaka ba shi da murya, tambayarsa ba za ta canza komai ba. Ƙasar Yuganda ta ba da amsa mai kyau. Wani bincike da aka yi a makarantun firamare na ƙasar ya nuna cewa daga 1991 zuwa 1995, cikin kuɗin da gwamnatin tsakiya take warewa domin hidimar kowane ɗalibi, kashi 13 cikin 100 ne kawai yake isa makaranta. Sauran yakan narke a ofisoshin gundumomi, kuma yawancin makarantu ba su taɓa ganin ko sisi ba. Shugabannin makarantu da iyaye ba su ma san ana aiko da kuɗin ba. Sai gwamnati ta fara buga adadin abin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu wata wata, ta kuma sa makarantu su manna takardar abin da suka karɓa a inda kowa zai gani. Zuwa 2001, kimanin kashi 80 cikin 100 yana isa. Gaskiya ne an yi waɗansu gyare-gyare a harkar ilimi a waɗannan shekaru, amma masu binciken sun ga cewa makarantun da ke kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi samun ci gaba. Ma'aikatan gunduma ba su tuba a dare ɗaya ba. Abin da ya sāke shi ne, yanzu uban yara ya san adadin, yana kuwa iya zuwa ya tambaya.

Nijeriya ma tana da irin waɗannan ƙofofi. Tun 2004, a lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara wallafa kason da kowace jiha da ƙaramar hukuma take samu daga asusun tarayya. A 2011 aka sa hannu a kan dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun ma'aikatar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Ƙofofin suna nan, masu ƙwanƙwasawa ne suka yi kaɗan.

Namu ne

Akwai abin da ke rufe bakin jama'a fiye da tsoro, kuma shi ne ya fi shafar ikkilisiya. Idan wanda ake zargi ɗan wata kabila ne ko wani addini, kowa yakan zama alƙali. Idan kuwa ɗan gida ne, sai a ce ana tsananta masa ne domin bangaskiyarsa ko domin yarensa. Wani lokaci akwai gaskiya a cikin wannan ƙorafi, gama an sha zargin hukumomin yaƙi da rashawa, EFCC da ICPC, da zaɓen waɗanda suke bi. Amma ko da an bar ɓarayi tara an kama ɗaya, tambayar da ta rage ita ce ko ɗayan ya ɗauka.

Tsofaffin gwamnoni biyu daga yankin tsakiyar Nijeriya sun isa misali, dukansu kuma masu amsa sunan Kirista ne. Tsarin mulki ya hana a gurfanar da gwamna sa'ad da yake kan kujera, don haka sai a 2007 aka shigar da ƙararsu, shari'ar kuma ta ci shekara 11. A 2018 babbar kotun Abuja ta yanke wa Jolly Nyame na Taraba, wanda Rabaran ne, ɗaurin shekara 14 a kan kuɗin jiha fiye da naira biliyan ɗaya da rabi. Makonni kaɗan bayan haka ta yanke wa Joshua Dariye na Filato shekara 14 a kan fiye da naira biliyan ɗaya na kuɗin gyaran muhalli. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage shekarun, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da laifin, sa'an nan a 2022 gwamnatin tarayya ta yi musu afuwa. Kuɗin gyaran muhalli kuɗi ne na yaƙi da zaizayar ƙasa da gyaran wuraren da suka lalace, a jihar da haƙar kuza ta bar wa ramuka barkatai. Waɗanda aka cuta ba baƙi ba ne. Su ne manoman da ke zama a benci ɗaya da iyalan manya ran Lahadi. A kudu kuma, James Ibori na jihar Delta, wanda wata kotun Landan ta ɗaure shekara 13 a 2012 bayan ya amsa laifinsa, da ya dawo gida a 2017 dubban mutane ne suka fito tarbarsa da kaɗe-kaɗe.

Kada a fahimci wannan a karkace. Ziyartar ɗan kurkuku umarnin Ubangiji Yesu ne, kuma ƙofar gafara a buɗe take ga gwamna kamar yadda take ga ɓarawon akuya. Amma jinƙai dabam, karramawa dabam. Zakka mai karɓar haraji, ran da ceto ya shiga gidansa, ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma ɗauki alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zambata. Ikkilisiyar da ta ba mutum kujerar gaba da makirufo a ranar godiya, ba ta taɓa yi masa zancen mayarwa ba, ta koya wa yaran da ke kallo wani darasi, kuma sun fi riƙe shi da na makarantar Lahadi. Haka nan idan ɗan takara ya kawo buhunan siminti ana saura wata biyu zaɓe, dattawa su sani cewa ran da za a bukaci su tsawata masa, ginin da suke zaune a ciki zai riƙe musu harshe. Mai jefa ƙuri'a ma haka. Matar da ta karɓi turmin atamfa da sabulu, da saurayin da ya karɓi 'yan dubbai a bakin rumfar zaɓe, sun riga sun karɓi rabonsu na shekara huɗu. Sama'ila ya ce hanci yana rufe ido, kuma idon talaka ma yana rufuwa.

A fara daga baitulmalin ikkilisiya

Jama'ar da ba ta saba tambayar ma'ajin majami'arta ba, ba za ta iya tambayar shugaban ƙaramar hukuma ba. Manzo Bulus, sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Idan manzo ya nemi shaidu a kan kuɗin baiko, babu fasto ko dattijo ko shugabar Zumuntar Mata da ya kamata ya ji an raina shi don an nemi ganin rasit. A majami'u da yawa ana karanta rahoton kuɗi da sauri a ƙarshen sujada, rana ta yi zafi, yara suna kuka, wanda kuma ya ɗaga hannu sai a yi masa kallon mai tā da husuma. Gara a manna rahoton a bango kamar yadda makarantun Yuganda suka yi, mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, a kuma gode wa mai tambaya a fili.

A gida ma akwai Biyer-sheba. Ɗan da ya kama aikin gwamnati bara, bana ya zo da motar da albashinsa na shekara goma ba zai saya ba, iyaye sukan fito da guɗa, a kira fasto ya sa albarka. Wani kuma ya yi shekara talatin yana aiki ya yi ritaya a gidan haya, dangi suna ce masa wawa, ya samu dama bai taimaki kowa ba. Ma'aikata da yawa sun fara taɓa kuɗin ofis ne saboda nauyin da dangi suka ɗora musu. Uban da ya biya a rubuta wa ɗansa jarrabawa kuma, ya riga ya nuna masa yadda ake samun kujera.

Domin tattaunawa a sujadar iyali

Bayan karanta sura 12, maigida ya gwada abin da Sama'ila ya yi: ya ba matarsa da 'ya'yansa da duk mai yi masa aiki dama su faɗi inda ya riƙe musu hakki, ya kuma shirya mayarwa. Sa'an nan iyali su duba tare: me ya sa dattawan Isra'ila suka nemi sarki maimakon su nemi a hukunta Yowel da Abaija? A zaɓen da ya wuce, mutum nawa ne a gidan suka jefa ƙuri'a, kuma me aka karɓa kafin a jefa? Kafin fitowa ta gaba ta wannan mujalla, a sa ɗaya daga cikin matasan gidan ya binciko nawa ƙaramar hukumarsu ta samu daga asusun tarayya a wata ɗaya, ya rubuta adadin a takarda, a kai shi taron Zumuntar Maza ko ta Mata, a kuma zaɓi mutum biyu da za su je wurin kansilan mazaɓa da takardar a hannu.